Jirgin Fiton da Ba Mu Gama Ba

Na isa Guangzhou da damina, a shekarar da aka mayar da Hong Kong hannun ƙasar Sin, bayan na yi shekara guda a arewacin ƙasar ina koyon harshensu. Karatun ƙera jiragen ruwa aka turo ni, a wata makarantar sana'a da ke unguwar Huangpu, daura da tashar da ake loda kwantenoni. Ni kaɗai ne baƙar fata a ajinmu. Sauran duk Sinawa ne, yawancinsu 'ya'yan ma'aikatan tashar, waɗanda tun suna goye suke jin ƙarar guduma a kan ƙarfe.

Ni mutumin Yauri ne. Mahaifina masassaƙin kwalekwale ne, a gindin gizagonsa na tashi. Ina ɗan shekara goma sha uku yayata ta shiga jirgin fito ranar kasuwa, za ta tsallaka da albasarta. Jirgin ya kife a tsakiyar kogi, sai bayan kwana biyu masunta suka tsinci gawarta. Ba mahaifina ne ya sassaƙa jirgin ba, amma daga ranar ya rage magana. Wannan ne dalilin da na rubuta a takardar neman gurbin karatu, kuma gaskiya na rubuta.

A cikin malamanmu akwai wani Bajamushe. Dogo ne, ya haura sittin, kansa fari fat, wuyansa kullum ja saboda zafin garin. Farar riga mai gajeren hannu yake sawa, da fensir uku a aljihu, kowanne a fiƙe. Da Turanci yake koyarwa, wani irin Turanci mai nauyi kamar ana jan kujera a kan siminti, wata mata Basiniya mai tabarau tana tsaye gefensa tana fassarawa. Ɗalibai suna tsoronsa. Idan ka kai masa zane ya ga layi ya karkace, ba ya faɗa, sai ya miƙo maka takardar ya ce, "Sake." Akwai wanda ya sake zane ɗaya sau shida.

Wata rana ya shigo aji da babban baho cike da ruwa, ɗalibai biyu suna riƙe masa. Ya fito da ɗan jirgin gwangwani da ya ƙera da hannunsa, ya ɗora a kan ruwan, ya zuba masa notuna a ƙasa. Ya kaɗa ruwan da hannu, jirgin ya yi ta layi amma ya dawo ya tsaya. Sai ya kwashe notunan nan, bai ƙara ko ɗaya ba, ya jera su a kan wani ɗan katako da ya gicciya a saman jirgin. Ya taɓa ruwan da yatsa ɗaya. Jirgin ya karkata a hankali, kamar mai shawara, sannan ya kife gaba ɗaya. Notunan suka zube ƙasan bahon, ƙwas ƙwas ƙwas. 'Yan aji suka yi dariya. Ni kuwa ban san lokacin da na tashi na fita ba.

Bayan an tashi ya same ni a bakin famfo ina wanke fuska.

"Me ya fitar da kai daga ajina?"

Na gaya masa. Ban yi niyyar yin dogon bayani ba, amma sai na ji ina ba shi labarin buhunan da ake jibgawa har su fi bakin jirgi tsawo, da mutanen da ke hawa kan buhunan su zauna, da yayata. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya tambaye ni:

"Asabar kana da aji?"

Na ce babu.

"Ka zo ɗakin zane da safe. Ka zo da abin da ka sani game da kogin nan."

Haka muka fara. Ranar farko bai taɓa fensir ba, tambayoyi kawai ya yi ta yi mini. Zurfin ruwa nawa da rani, nawa idan kogi ya cika? Ina jirgi yake tsayawa, akwai gada ko a kan yashi ake turo shi? Me ake ɗorawa? Na ce buhuna, da babura, da awaki, wani lokaci har shanu. Ya ce saniya tana tsayawa wuri ɗaya? Na ce idan ta firgita sai ta koma gefe. Ya ce in rubuta. Na fara cewa ai da mutane za su riƙa bin ƙa'ida, su daina cika jirgi, sai ya ɗaga mini hannu.

"Kada ka gaya mini abin da ya kamata su yi. Gaya mini abin da suke yi. Shi za mu yi wa jirgi."

Abin da ya ƙudura shi ne mu zana jirgin fito na ƙarfe, mai faɗin ƙasa, wanda ba ya buƙatar ruwa mai zurfi, da ɗakuna rufaffu a cikinsa ta yadda ko ya fashe a wuri ɗaya ba zai nutse ba. Ya ce dole ya zama wanda mai walda a Yauri zai iya haɗawa da farantin ƙarfen da ake samu a kasuwa, ba wanda sai an kawo injiniya daga waje ba. Tun makon farko ya ce ni zan riƙe fensir, shi yana zaune gefe yana gaya mini abin da zan zana. Na ɗauka salon koyarwarsa ne.

Na gaya masa a wurinmu ba a kiran mai koyarwa da sunansa, Malam ake cewa. Ya maimaita kalmar sau biyu, ya ce ta fi tasu sauƙi. Daga nan Malam nake kiransa. Yana da 'yar butar lantarki a ɗakin, ya haɗa wa kansa kofi baƙi, ni ya ba ni shayi. Da ya lura ina duba agogo idan rana ta karkata, sai ya tambaye ni dalili. Mako na gaba ya zo da kamfas irin na jirgi, ya yi ɗan lissafi a bayan takarda, ya ja layi da alli a kan siminti ya ce nan ce alƙiblata. Idan na tayar da salla sai ya fita baranda ya tsaya har na idar.

A waɗannan Asabar ɗin na san rayuwarsa, guntu-guntu, don ba mutum ne mai zama ya ba da labari ba. A wani ƙaramin gari na bakin teku aka haife shi, a arewacin Jamus. Mahaifinsa mai kula da injin jirgi ne, ya tafi lokacin yaƙin duniya na biyu bai dawo ba, ba a ga jirgin ba balle gawa. Shi da mahaifiyarsa suka rage. Yana tasowa ya shiga wurin ƙera jirage a matsayin ɗan koyon walda, daga nan aka ga yana da kai aka tura shi karatu. Da aka raba ƙasarsu biyu, garinsu ya faɗa ɓangaren gabas, don haka sojan ruwan gabas ya yi wa aiki, injiniya, shekaru masu yawa.

Wata Asabar na yi kuskure a lissafin nauyi, na ce ai kaɗan ne, ba zai yi komai ba. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya tashi ya je taga ya tsaya, yana kallon manyan ƙugiyoyin tashar suna ɗaga kwantenoni. Can ya fara magana, bai juyo ba. Ya ce yana matashi an ba shi lissafin wani ƙaramin jirgin sintiri. Bayan ya gama, manya suka ce a ƙara wasu na'urori a samansa. Ya sake lissafi ya ga jirgin ya zo daf da iyakar abin da zai iya ɗauka. Ya faɗa, aka ce masa kaɗan ne, kuma lokaci ya ƙure. Ya sa hannu. Da sanyi ya zo, ƙanƙara ta taru a saman jirgin a cikin teku, iska ta taso, ya kife da samarin da ke ciki.

"Ba wanda ya tuhume ni," in ji shi. "An yi bincike, an ce laifin iska ne. Har girma aka ƙara mini bayan shekara biyu."

Ya ce daga baya shi ya nemi a mayar da shi koyarwa, ya yi sama da shekara ashirin a makarantar ƙera jirage ta garinsu. Can ya fi jin daɗin rayuwarsa. Sai katangar da ta raba ƙasarsu ta faɗi, ƙasa ta haɗe, kowa yana murna, shi ma ya yi. Ba a daɗe ba aka ce makarantar ba ta da amfani, akwai irinta a yamma. Aka sallami ɗalibai. Shi aka ba makullin ɗakin da ake ajiye ƙananan jiragen katako da ɗalibai suka ƙera shekara da shekaru, aka ce ya kwashe kafin ƙarshen wata. Ya raba wa wanda zai karɓa, saura ya loda a baro da kansa ya kai bola. Shekarar da ta biyo matarsa ta rasu. 'Yarsu ɗaya tana aure a wani birni mai nisa, suna gaisawa da Kirsimeti. Da ya ji Sinawa suna neman malamai, sai ya rufe gida ya taho.

Ya juyo ya miƙo mini fensir. "Sake," ya ce.

Mun yi kusan shekara a haka. Zane ya yi nisa, mun gama gaban jirgin da tsakiyarsa, saura bayansa inda injin zai zauna, da babban lissafin da zai nuna yadda zai tsaya idan an cika shi maƙil kuma kowa ya koma gefe ɗaya.

A masallacin Juma'a na haɗu da wani Alhaji ɗan Kano. Lokacin mutanenmu ba su yi yawa a garin ba, idan ka ji Hausa a titi sai ka waiwaya. Ya ji ina yi wa mai sayar da lemo magana da Sinanci, ya kama hannuna.

"Ɗan samari, kai ɗan ina ne? Yaren nan kake ji haka?"

Ya ce kwana huɗu ke nan yana yawo a kasuwar Shahe, inda ake sayar da tufafi a sari, duk abin da ya nuna sai su ce masa "meyo", wato babu. Ya roƙe ni in raka shi gobe. Gobe kuwa Asabar. Na je na gaya wa Malam, ya ce ba komai, mutum ya taimaki ɗan garinsu.

Na raka Alhaji. Abin da ya gagare shi kwana huɗu muka gama kafin la'asar. Ya koma Kano ya ba da labarina, wata bai cika ba wasu biyu suka zo da sunana a takarda, bayansu wani mutumin Maraɗi, bayansa ƙaninsa. Na san inda ake ɗinka riguna, na san wanda zai haɗa kaya a kwantena, Sinawan kasuwa suka fara kirana "lawban", wato maigida, suna miƙo mini sigari ina ƙi. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Shekara biyu ina cin abincin makaranta ni kaɗai a ƙarshen tebur, yanzu ga ni a tsakiyar manyan mutane, ana cin tuwon da wani ya tuƙa a ɗakin otal, ana hira da Hausa, ana tambayata shawara. Na fara aika wa gida abin da ban taɓa aikawa ba. Kuma duk baƙon da ya zo, Asabar yake so, don ranar ce ba ni da aji.

Na fara zuwa wurin Malam mako ɗaya in tsallake biyu. Da farko ina ba shi haƙuri, daga baya na fara ƙarya: zazzaɓi, ofishin 'yan sanda, sabunta takarda. Ba ya cewa komai. A aji yana yi mini kamar kowa. Sau ɗaya kawai, ina fita, ya ce, "Bayan jirgin yana nan yana jira." Na ce in sha Allah wannan makon. Ban je ba. Daga nan na fara zama a bayan aji, in an tashi in riga kowa fita. Wata huɗu ban taka ɗakin zane ranar Asabar ba.

Mai fassarar nan ce ta tare ni a matakala wata Laraba. Mace ce mai kamun kai, ba ta taɓa yi mini maganar da ba ta aji ba.

"Ka san ƙarshen watan nan zai tafi?"

Na ce ina?

"Gida. Makaranta ba ta sabunta masa kwangila ba. Ba ka lura da hannunsa ba?"

Na ce ban lura ba. Ta ce tun kafin in zo hannunsa na dama ya fara rawa, likita ya ce ciwo ne da ba ya warkewa, ƙaruwa yake yi. Shi ya sa ya daina rubutu a allo, ita take rubutawa. Shi ya sa yake sa hannun a aljihu. Yanzu abin ya kai ko kofi sai ya riƙe da hannu biyu.

"Ba ya iya jan layi," ta ce. "Duk Asabar yana zuwa ya buɗe ɗakin, ya shimfiɗa takardun, ya zauna har azahar. Ni nake zuwa in karɓi makulli, shi ya sa na sani."

Shekara guda ina zaune kusa da mutumin nan, ina riƙe masa fensir, ban gani ba. Na tuna yadda yake fiƙe fensir ɗin nan uku kullum, ya miƙo mini ɗaya bayan ɗaya.

Asabar ɗin na je tun kafin ya iso. Da ya hango ni a bakin ƙofa bai nuna mamaki ba, ya miƙo mini makulli ya ce in buɗe. Na ga dalili, hannun ba zai iya saita makulli a rami ba. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na fara ba shi haƙuri, ya girgiza kai.

"Mutanen da kake taimaka wa, suna samun abin da suka zo nema?"

Na ce suna samu.

"To aiki ne shi ma. Zauna, lokaci ya tafi."

Asabar biyu suka rage mana, muka yi aiki kamar ana korarmu. Mun gama zanen bayan jirgin a ta farko. A ta biyu muka shiga babban lissafin, muka kai wajen rabi, sai ya gaji. Maganarsa ta fara sarƙewa, ya kira lamba ya dawo ya canza ta. Ya jingina da kujera ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ce in naɗe takardun. Ya sa na ɗaure su da igiya, ya ce nawa ne.

"Amma ka yi mini alkawari ɗaya. Kada ka ba mai walda wannan sai an gama lissafin, kuma wani wanda ya sani ya duba. Idan ba a gama ba, ka bar shi a naɗe. Ka ji?"

Na ce na ji, Malam.

Ranar tafiyarsa na je na ɗaukar masa akwati zuwa motar makaranta. Akwati biyu ne kawai, ɗaya duk littattafai. Ɗalibai kaɗan suka fito, har da wanda ya sake zane sau shida, shi ne ma ya fi kowa kuka. Malam ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu hannun hagu. Da ya zo kaina ya ce in gaida mahaifina, in gaya masa wani tsohon mai walda yana gaishe shi. Na ce zai ji. Motar ta bi ta gefen tashar ta shige tsakanin manyan motocin kwantena, ba mu ƙara ganinta ba.

Na yi niyyar ƙarasa lissafin da kaina. Na buɗe takardun sau biyu ko uku, na ga inda muka tsaya, na rasa ta inda zan ci gaba. Malamin da ya gaje shi saurayi ne mai aiki da kwamfuta, na nuna masa, ya yaba, ya ce in dawo bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa kuma baƙi suka yi yawa. Na gama makarantar da kyar, ban koma gida na nemi aikin jirgi ba, na kama ɗan ofis kusa da kasuwa na ci gaba da abin da na iya. Gaisuwar ma ban isar ba, don mahaifina ya rasu kafin in je gida.

Wajen shekara ɗaya da rabi da tafiyarsa, na je Huangpu duba kayan wani baƙo, na haɗu da mai fassarar a tashar bas. Ta ce 'yarsa ta rubuto wa makaranta, ya rasu a wani gidan kula da tsofaffi, da sanyin da ya wuce. Ta faɗa mini a tsaye, bas ɗinta ta zo, ta shiga.

Na koma wurin baƙon nawa, wani dattijo ne mutumin Maraɗi, yana zaune a inuwar kwantena yana jan carbi. Ya dube ni ya ce, "Lafiya, ɗana?" Na ce malamina ne ya rasu. Ya yi salati, ya tambaya ko a Yauri. Na ce a'a, Bature ne, a Jamus. Sai ya ce, "Ya koya maka abin kirki?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To Allah Ya san shi fiye da mu." Ya matsa mini na zauna kusa da shi, bai ƙara tambayata komai ba, har masu lodi suka kira mu.

Daga baya na karɓi adireshin 'yar a makaranta, na rubuta mata wasiƙa da ɗan Turancina. Na gaya mata ni ɗalibin mahaifinta ne daga Najeriya, na gaya mata irin malamin da yake, da yadda ɗalibai suka fito rakiyarsa. Na rubuta maganar wata huɗun nan, na karanta, na yage, na sake wata ban sa ba. Na kai gidan waya da kaina. Ban sani ba ko ta same ta, amsa dai ba ta zo ba.